Awa Ɗayan da Abdulsamad Ya Roƙa

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Alhamis, 13 ga Fabrairu, 2025, kafin azahar, Allah ya karɓi ran ɗan ƙanwata, Abdulsamad Badamasi na Bunkure, a kan titin Zariya zuwa Kano, gab da Karfi. Shekararsa ashirin da biyu, yana aji uku a jami'a, kuma shi ne mai yi wa makarantarsu tseren dogon zango.

Abdulsamad, ni ne kawunka Sammani, dillalin tumatir a Kwanar Gafan. Shekara talatin da bakina nake ci, amma yau kwana tara ya ƙi buɗuwa a gaban mahaifiyarka, shi ya sa na ɗauki biro.

Kowa a nan ya san ƙafarka. Kana ɗan sakandare wata tsohuwa ta manta ƙullin maganinta a rumfata, motarsu har ta hau kwalta, ka bi ta da gudu ka miƙa ta taga. Kai ne mai karanta wa manoma rubutun jikin kwalbar feshi, ka hana su zuba murfi uku inda aka ce ɗaya. Takalmin da ka ciyo a gasa ka ba Nasiru abokin gudunka, ka ce ya matse ka. Na san girman ƙafarku duka biyu, ƙarya ka yi, Allah ya ba ka ladanta.

Sai dai iyayen gida uku ka yi wa bauta, ba wanda ya san da ɗan'uwansa. Makaranta ta ɗauke maka kuɗin karatu bisa sharaɗin ka ci gaba da gudu kuma kada ka faɗi jarrabawa. Mai horar da ku yana son ka a fili da an sallame asuba. Malamai suna son ka a aji. Ran Laraba kuma ake sako ruwa a layin gonarku, ga mahaifinka Malam Badamasi ƙafa ta ƙi tun da jininsa ya hau, in ba ka zo ka yi ban ruwa ba sai wani makon, tumatir kuwa ba ya jira. Duk wanda ka saki a cikinsu, sauran sun rushe. Barci ne kaɗai ba shi da bakin kai ƙara, sai ka yi ta yankar nasa.

Ka taɓa gaya mini wata malamarku ta ce kan da bai yi barci ba ba ya riƙe karatu, kuma makinka ya fara sauka, har an ba ka takardar gargaɗi. Na yi dariya, na ce ita tana da albashi, na ɓara maka goro. Mu nan wanda rana ta gan shi kwance rago muke ce masa. Ni ne ma mai yi wa 'yan kasuwa alfahari cewa ɗana ba ya barci, kamar wata lambar yabo.

Ran Alhamis ɗin ka zo rumfata da hantsi, taɓo har gwiwa, ka kwana kana juya ruwa, ga jarrabawa ƙarfe biyu. Wayarka ta mutu. Ka ce, "Kawu, ara mini tabarma in rintsa awa ɗaya. Sha ɗaya ta yi ka tashe ni."

Mu dillalai muna da wata ɗabi'a. Ba ma faɗa wa direba lokacin gaskiya. In goma ce sai mu ce sha ɗaya, don ya zabura kaya su isa kafin su narke. Mun yi har ta zama jiki, ba ma jin ta a matsayin ƙarya. Minti ashirin da kwanciyarka na tuna da cunkoson shiga gari, na taɓa ƙafarka na ce sha ɗaya ta gota. Ka tashi idonka jawur, ba ka tambayi kowa ba. Ka ce, "Allah ya saka da alheri, Kawu, da na makara." Ka hau babur.

Waɗanda ke bayanka sun ce ba abin da ya taɓa ka. Ba ka taka birki ba. Kanka ne kawai ya sunkuya, babur ya bar titi.

Na san ajali ba ya gaba ba ya baya, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma kullum sai na zauna a rumfar nan, tabarmar tana inda ka bar ta, na kasa naɗewa na kasa zama a kai, wajen goma da minti ashirin sai ciniki ya tsaya mini a wuya.

Barira ƙanwata, kin yi ta gode mini a zaman makoki cewa ni na ba shi wurin hutawa na ƙarshe. Ga abin da ya faru. Ki yafe mini in kin iya. Malam Badamasi, ban ruwan Laraba ya dawo wuyana har a tashi daga gonar. Saude, in karatu ya kai ki inda yayanki ya je, kika ji barci, ki kwanta, duk mai magana ki turo shi wurina. Allah ya ba ku haƙuri, da abokan gudunsa da malamansa.

Allah ya jiƙan ka, Abdulsamad, ya yafe kurakuranka, ya yalwata makwancinka ya sanyaya shi, ya sa Aljanna ce makomarka. Kwanta, ɗana. Mai tashin ka wannan karon ba ya ƙara ko minti ɗaya a kan lokaci.