Guga Ɗaya a Tulu, Ɗaya a Komi

Lado Na'Allah mutumin Kukar Baraka ne, wani ƙauye arewa da Babura. Sana'arsa yasar rijiya, gado daga mahaifinsa. Na san shi a zamanin En'e, ina malamin hakimi, domin ni ake aikawa ƙauyuka idan rigimar ruwa ta tashi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son surutu sai an taɓo rijiya.

Rijiyar garinsu ɗaya ce, mai zurfi ƙwarai. Wata shekara bazara ta yi tsawo, guga ya koma fitowa da laka. Dagaci Sama'ilu ya tara jama'a a gabana, ya ce daga gobe shanun Fulani sun daina sha. Hamma, ardon rugar bayan gari, ya tsuguna ya ce, "Ranka ya daɗe, rijiya ta gaba sai tsallaken iyaka, ƙasar Faransa. Maruƙana ba za su kai ba."

Sai Lado ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa bai ƙare ba, laka ce ta toshe idon. Zan shiga in yashe. Amma wa zai ja ni?"

"Ga samarin gari," in ji dagaci.

"Waɗannan? Bara suka sake ni suka bi kiɗan kalangu, har yau ƙuguna bai huce ba. Takarkarin Hamma nake so. Shi ba ya neman aure."

Aka kwashe da dariya. Dagaci ya ce a gwada, amma in ruwa bai zo ba, maganarsa tana nan.

Washegari aka kafa gwafa a bakin rijiya, aka ɗaura wa takarkari igiya, Hamma da kansa ya riƙe shi. Lado ya sauka. Sa na tafiya, kwandon laka na fitowa. Mata suka zauna da tuluna. Bayan azahar muka jiyo murya daga ƙasa: "Hamma! Ja ni, ruwa ya kai mini ƙirji!"

Ya fito sharkaf, mata na rangaɗa guɗa. Tun bai sa riga ba ya faɗi roƙonsa: sa ya riƙa jan guga, ɗaya a tulu, ɗaya a komin shanu, har damina ta sauka. Dagaci ya yarda. Na kai wa hakimi maganar, ya amince.

Ruga ba ta tashi ba, maraƙi ko ɗaya bai mutu ba. Daga baya ƙauyukan Roni da Gwiwa suka riƙa aikowa a tafi da shi, kuma duk rijiyar da ya yashe, da wannan rabo yake barin ta.