Ashafa Wanzami da Kan Maharazu

Ashafa wanzami ne a Jakara, gajere, mai ƙarancin magana, kuma ba shi da saurin hannu ko kaɗan. Mu da muke zama a rumfarsa mukan ce kafin ya gama aske kai ɗaya gashin farko ya fara tsirowa.

Wanzancin gidan Alhaji Jibrin, wani attajirin gyaɗa a Ƙofar Na'isa, gado ne a wurinsa. Ubansa ya yi wa uban Alhaji aski, shi kuma duk jaririn da aka haifa a gidan shi ke cire masa beli. Rabin abincin Ashafa daga wannan gida yake fitowa.

Alhaji yana da ƙane, Maharazu, mutum mai shekara arba'in amma hankalinsa na ƙaramin yaro, haka Allah ya halicce shi. Yana tsoron ƙarfe ƙwarai. Ashafa kaɗai yake yarda ya taɓa kansa, domin Ashafa yakan buɗe zabira, ya miƙa masa askar ya jujjuya ta, sannan ya tambaye shi, "Malam Maharazu, in fara?" In ya ce a'a, sai ya naɗe kayansa ya dawo gobe. Mutanen gidan har dariya suke yi wai ana neman izinin Maharazu.

Da damina ta 1955 wani baƙo ya gaya wa Alhaji cewa mataccen jini ne ya daskare a kan ƙanensa, in an tsaga ƙeya aka ɗora ƙarfe mai zafi zai warware. Alhaji ba mugu ba ne, son ɗan'uwansa ya rufe masa ido. Ya aika aka kira Ashafa. Da ya iso zaure ya tarar da garwashi a kasko da ƙarti huɗu da za su danne mutum.

"Alhaji, wannan ba ciwo ba ne balle a ƙone shi," in ji Ashafa. "An tambaye shi?"

"A tambayi wa? Kai kaɗai yake sakin jiki da kai, shi ya sa na kira ka."

"To shi ya sa ba zan yi ba."

Ya rataya zabirarsa ya fita, ya san kuma ya bar gidan ke nan. Mu a rumfa muka yi ta yabonsa. Washegari aka ɗauko wani wanzami daga ƙauye, aka yi abin da aka yi niyya.

Bayan wata biyu Maharazu ya zo Jakara da ƙafarsa, gashi ya cukurkuɗe, ƙeya duk tabo. Ya zauna a bakin tabarma. Ashafa ya kai hannu ga zabira, sai Maharazu ya rufe kansa da hannu biyu. Har ya rasu ba wanda ya sake aske shi da yardarsa. Na gani da idona, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ashafa ya tsufa cikin rashi, amma ban taɓa jin ya yi kukan gidan da ya rasa ba. Sau ɗaya na sake yaba masa a kan abin da ya yi ran nan. Yana wasa askarsa ya amsa mini.

"Daina yabona. Gidan mai unguwa taku nawa ne daga zauren Alhaji? Liman ma yana kusa, amma ban gaya wa kowa ba. Na ce ba da hannuna ba, na tafi gida na ci tuwo. Shi kuwa na bar shi a can."