Mutumin Japan da ke kiran matata

Gari bai gama wayewa ba muka bar Kalgo, masu kosai ma a lokacin suke hura wuta. Mu uku ne a motar: ni, da matata, da ɗan kawunta mai motar, wanda ya ce zai kai mu Gwandu mu duba mahaifiyarta da ta yi fama da ciwon ƙafa. Gaskiya ban so tafiyar nan da shi ba. Taubashinta ne, wasa tsakaninsu ba ya ƙarewa, kuma kowa a danginsu ya san da shi aka so haɗa ta kafin Allah ya yi ni ne mijin. Amma kuɗin motar haya ya zama abin da ya zama, ga buhun shinkafar da muka ɗaukar wa tsohuwa. Na haɗiye, na shiga gaba.

Hanyar Birnin Kebbi sumul take. Fadama ta yi shar da shinkafar rani, injinan ban ruwa sai tari suke. Ina cikin kallon nan ya danna rediyon motar, wata murya ta fito, ta namiji, mai laushi, da kiɗan jita a hankali. Ba Indiyanci ba ne, ba Larabci ba. Na tambaye shi wane ne wannan. Ya ce wani mawaƙin Japan ne, ya tsufa yanzu, can ƙasarsu kaka da jika duk shi suke saurare, kuma waƙoƙinsa duk na soyayya ne.

Soyayya kuma, da sassafen nan? Ban gama wannan tunanin ba mutumin ya ja murya ya ce, "A'ishatuuu." Wallahi haka kunnena ya ji. Kuma sunan matata ke nan. Taubashin ya kalli madubi ya yi murmushi, na waiwaya, sai na ga baiwar Allah ta jingina kai da gilashi tana bin waƙar a hankali. Matar da ko a gidan biki ba ta buɗe baki! Ta san inda mutumin zai tsaya ya ja numfashi, ta san waƙar da za ta biyo baya tun kafin ta fara. Ni da nake kwana nake tashi da ita ban taɓa jin wannan yaren a bakinta ba.

A Ambursa muka tsaya karin kumallo. Waina ta yi daɗi, an ce, ni dai ban ji ɗanɗanonta ba. Soyayyen kifi ya yi tsadar da sai ka gaida shi ka wuce, amma taubashi ya sayo manya ya miƙa mata mai tsokar. Da ya tafi duba taya, na matsa kusa na ce, "Ke, ina kika san waƙar nan?" Ta ce, "Ai na daɗe da saninta, Malam." Ta ci gaba da cire ƙaya. Da ma ba ta amsa ba ya fi min sauƙi.

Daga nan hanya ta canza hali, ramuka suka fara gaisawa da mu. Muka wuce amalanken shanu ɗauke da albasa, da matan Fulani da ƙoren nono a ka, da wani mai babur da ya ɗaure rake har ba a ganin bayansa. Wajen Kambaza garken shanu ya tare mu, muka jira har na ƙarshe ya ga dama ya tsallaka. Duk wannan lokacin mutumin Japan bai gaji ba, kusan kowace waƙa sai ya kira matata. Kishi ya cika ni, ba zan ɓoye muku ba. A raina na gama yanke hukunci: in mun isa zan samu yayanta in faɗa masa, mu koma gida a motar haya, kuma ƙafar taubashin nan ba za ta sake taka gidana ba, ko da zumuncin gidajen biyu zai lalace.

Muka shiga Gwandu da hantsi. Ya tsayar da motar a ƙofar gida, bai kashe rediyon ba. Ina sauka na aiki yaro ya kira min yayanta. Na durƙusa daga bakin zaure na gaida surukata, tana kan tabarma da ƙafarta a miƙe, ta amsa tana kallon gefe kamar yadda ta saba da ni. Sai ta ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. Ta ce a buɗe ƙofar motar ta ji da kyau.

Ta daɗe tana saurare. Sannan ta yi magana da 'yarta, amma na san ni ake so in ji.

"Wanga ai kaset ɗin babanki na. Sa'ad da yat tuƙa ma mutanen Japan da sunka zo haƙa rijiyoyi, babbansu ya ba shi. Ina da tsohon cikinki, kullum shi aka sha a gidan ga. Da anka haihe ki, yac ce suna ya zo da kainai, tun daga Japan aka kiran ki."

Ashe bayan suna marigayi baban nata ya je ya yi wa maigidan nasa godiya, ya ce ya sa wa 'yarsa sunan da ke cikin waƙar. Mutumin ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Tafinta ya ce ba suna ba ne, kalmar "aishiteru" ce, wato "ina son ki". Tsohuwa ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Shi ko yac ce, to, ai duk ɗaya na."

Taubashin ne ya ɗauki kaset ɗin bayan rasuwar, ya kai aka juye a memori kafin ya lalace. Yau ya sa shi ne don ta ji muryar gidansu. Na kalli ƙasa. Yayanta da ya fito ya ce, "Malam, an ce kana nemana?" Na ce gaisuwa ce kawai.

Muka ci tuwon shinkafa da miyar kuka, muka sha fura, tsohuwa ta haɗa mu da rake da albasa. Bayan la'asar muka kamo hanya, kuma ni da kaina na ce a mayar da waƙar. Kada ku ɗauka kishin ya tafi, wuri kawai ya canza. Na bar taubashi, na koma kan wani tsoho a Japan da bai san Kalgo ba, wanda ya fi shekarunta yana faɗa mata abin da ni ban taɓa faɗa ba, da kuma marigayin da duk kiran da ya yi mata sai ya faɗa. Ni kuwa daga "ke" sai "Maman yara". Abin da na koyo a tafiyar nan ke nan, ban da cewa kifin Ambursa ya fi ƙarfina.

Muka iso gida ana shirin magariba. Taubashi ya sauke mana kaya, na yi masa godiya har da addu'a, ya tafi. Ta sunkuya za ta ɗauki raken, na tsaya a bayanta.

"A'ishatu," na ce.

Ta ɗago da sauri, ta duba ko wani ne ya shigo. "Na'am, Malam?"

"Ba komai."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗauki raken ta shige ciki, na jiyo ta tana rera waƙar, wannan karon da ƙarfi.