Sarkin da Ya Mutu Kafin a Haife Shi

Cikin duk shekarun da na yi ina buga tafireta, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Laraba, shekara uku ko huɗu kafin a samu 'yancin kai. Lokacin ina sabon akawu a wata makarantar Midil ta wajen Gwale, ina cikin wata ukun gwaji. Karatuna elementare ne, aji huɗu. Tun ranar farko hedimasta ya gaya mini kuskure ɗaya babba ya isa a sallame ni.

Ga waɗanda ba su riski zamanin ba, littattafai ba su wadata ba. Malami zai rubuta darasi da hannu, ni in buga a kan sitansil, wata takarda mai kaki wadda haruffa ke hudawa, in ɗaura ta a inji, in yi ta juya hannu har kofe arba'in su fito. Sitansil kuwa a kabad ɗin hedimasta yake a kulle, ba a ba ka ko ɗaya sai ka faɗi dalili.

Malam Datti, malamin tarihi, ya kawo mini jerin kalmomin tarihin duniya da 'yan ajinsa za su haddace saboda jarrabawa: ƙarni, daula, mulkin mallaka, juyin juya hali da sauransu, kowace da ma'anarta da misali.

Ya ce, "Ga shi, Akawu. Ka san ba na duba aikinka. Mutumin da waƙafi ɗaya ke hana shi cin tuwo, me zan duba masa?"

A shafi na biyu na ci karo da wani sarkin Yunanawa, wai an haife shi a 356, ya mutu a 323, da haruffa biyu, B da C, a gefe. Na karanta sau uku. Mutum ya mutu kafin a haife shi? Na duba gaba, na sami irin wannan har wuri bakwai. Na ce lalle gajiya ce ta kama Malam. Amma ɗan aji huɗu ya tunkari wanda ya yi kwaleji ya ce masa ya yi kuskure? Sai na ga gara in rufa masa asiri. Na juya lambobin duka, ƙarama a gaba, babba a baya. Aka raba takardu ranar Litinin, ni kuwa har ina jin na yi aikin lada.

Ranar Laraba na kai alli ajinsa, na tarar yana cewa, "Shekarun da suka gabaci haihuwar Annabi Isa, da baya-baya ake lissafa su. Gobe za mu ga misalai a shafi na biyu."

Na ajiye allin, na gane ɓarnar da na yi. Na koma ofis na zauna. In na yi shiru, watakila a ɗora wa Malam laifin, ko wasu ɗalibai su tafi da abin da suka riga suka haddace. In na yi magana, aikina ne a bakin ƙofa. Sake bugawa a ɓoye kuma ba hali, mabuɗin kabad yana aljihun hedimasta.

Bayan la'asar na tafi gidan Malam Datti a Ƙofar Na'isa. Na same shi a zaure yana gyaran fitila. Na durƙusa na faɗi komai, ban rage ba.

Ya ce, "Wuri nawa?"

"Bakwai, Malam."

"Kuma ba ka tsallake ko ɗaya ba?"

"Ko ɗaya."

Ya yi dariya har ya ajiye fitilar. "To, ko a ɓarna ma kai mai tsari ne. Tashi mu je."

Ya ja ni har wajen ganuwa, muka tsaya nesa kaɗan da ƙofa. Ya ce in nufi gari, ina faɗin takun da ya rage mini. Na fara: saura talatin, saura ashirin da tara, har na iso bakin ƙofa.

"Gaba kake yi ko baya?"

"Gaba, Malam."

"Lissafin fa?"

"Raguwa yake."

"To, sarkin nan ma haka. Ka ɗauka ƙofar nan ita ce haihuwar Annabi Isa. An haife shi saura 356 a iso ƙofa, ya mutu saura 323. Yanzu shiga, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku. Nan muke mu."

Wani mai jaki ya tsaya yana kallonmu, ya ce, "Malam, filin kuke aunawa?" Malam ya ce, "A'a, Baba, zamani muke aunawa."

Washegari shi da kansa ya shiga da ni wurin hedimasta. Malam ya ce ba ya bukatar sabon sitansil, akawu yake so a ara masa na rabin awa. Ya tsayar da ni gaban aji, na faɗi abin da na yi, na yi musu bayanin ƙofa. Kowane ɗalibi ya gyara wuri bakwai ɗin da hannunsa. Da aka yi jarrabawa, Malam ya ce bai taɓa samun ajin da ya riƙe wannan babi haka ba. Hedimasta ya ƙara mini wata guda a gwaji, daga baya ya tabbatar da ni.

Ku da kuke kan aikin yanzu, abin da na ɗauka shi ne, akawu ba ya gyara a ɓoye, ko da nufin alheri. In abu ya yi maka bambaraƙwai, sa masa ɗigo da fensir, ka je ka tambaya. Malam Datti bai fara duba aikina ba ko bayan wannan. Sai dai duk takardar da ya miƙo mini, yakan haɗa da fensir.