Atishawar Manaja

Mahaifina mai gyaran kujeru ne, shekara talatin da ɗoriya a shago ɗaya, mai ƙofa ɗaya da wata 'yar taga da aka daɗe da toshewa da katako. Duk kujerar da ta lotsa a unguwarmu, ko ɓera ya yi gida a cikinta, wurinsa ake kai ta. Yana da wata ƙa'ida da ban taɓa ganin wani mai sana'ar yana bi ba: ba ya farke tsohuwar kujera sai ya rufe ƙofa. Wai kujera sirrin gida ce. A cikinta ake tsintar matajin da ya ɓata, da ƙwayar maganin da mara lafiya ya cusa ya ce ya sha, da wasiƙar da ba a so a gani, da dattin shekara goma. "Mutum ya ba ni amanar falonsa, sai in baje ta a bakin titi?" Haka yake cewa. Sai ya tura ƙofa, ya kunna fitila, ya sa wuƙa, ruɓaɓɓen soso ya tashi kamar gari, shi kuma yana tsakiya yana shaƙa.

Ni ce 'yarsa ta fari, Uwata yake kirana, kuma shekara uku na yi ina fama da shi a kan tari. Tari ne mai zurfi, irin wanda sai mutum ya dafa bango. Na roƙe shi ya je asibiti, na yi fushi, na yi kuka, na kai ƙararsa wurin ƙanwarsa. Na sayo masa takunkumi kwali guda, da na dawo na tarar da su yake goge gam daga yatsunsa. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Ƙura ce, Uwata. Wa ƙura ta taɓa kashewa?" Tsorona shi ne wata rana a kira ni a ce an same shi a faɗe tsakanin kujerun mutane.

Akwai kuma mage a shagon, ita kuwa a cikin kujera ta zo. An kawo wata doguwar kujera gyara, ya farke ƙasanta, sai ga 'yar kyanwa fara da baƙi tana zare masa ido. Mai kujerar ya ce shi bai san da ita ba, kuma ba ya so. Baba, wanda ko kaza bai taɓa kiwatawa ba, ya zuba mata madara a murfin gwangwani. Maƙwabcinsa mai walda ne ya raɗa mata Manaja, don ba ta aikin fari ba ta na baƙi, sai ta zaɓi kujerar da aka gama ta haye tana kallon mai aiki.

Tun rasuwar mahaifiyarmu ban ga Baba yana dariya ba sai da wannan magen. Yakan ɗaure ƙyalle a bakin zare ya riƙa ja a ƙasa, ita kuma ta laɓe bayan tulin soso, ta karkaɗa ƙugu, ta yi tsalle ta faɗa cikin ɓurɓushin. Sai ta ɗago da fuska fari fat, ta yi atishawa biyu ko uku, ta girgiza kai, ta koma wasanta. Shi kuma ya cire hula ya ce, "Lafiya, ranki ya daɗe." Har masu kawo aiki sukan tsaya kallo. Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba, kuma a lokacin babu abin damuwa: idonta garau, hancinta a bushe, abinci kuwa har da na mai walda take sata.

Wata Asabar da hantsi na kai masa abinci, na tarar da abin da ban taɓa gani ba: Baba zaune a ƙasa, guduma a gefe, ba ya aiki. Manaja na kwance ƙarƙashin tebur, ta rame, idanunta sun liƙe da kwantsa, majina ruwan ɗorawa ta toshe mata hanci, tana numfashi da baki a buɗe.

"Baba, yaushe ta zama haka?"

"Yau kwana huɗu ba ta ci komai ba. Atishawar kuwa ta fi sati uku, ko ba wasa take ba. Na ɗauka ƙura ce. Na shanya ta a rana, na kakkaɓe ta da buroshi..."

"Ka shanya ta? Baba, kushin ce?"

Kafin ya ba ni amsa ta fito tana tangaɗi, ta haye wata farar kujera da ya gama jiya, ta shiga atishawa ba ƙaƙƙautawa, ta fi goma a jere. Da ta sauka sai ga feshin jini ɗigo-ɗigo a kan farin yadin. Na san Baba da yadin mutane, ko da hannu mai gumi ba a taɓa masa shi. Amma ko kallon kujerar bai yi ba. Ya tuɓe rigarsa ta sama ya naɗe magen, ya ce, "Tare mana mota. Ina ne asibitin dabbobi?" Baki na sake ina kallonsa. Mutumin da shekara uku na kasa kai shi ƙofar asibiti, ga shi a gaba ina binsa da gudu.

Likitar dabbobin mace ce mai magana a hankali. Ta haska hancin Manaja, ta buɗe bakinta, ta sa abin sauraro a ƙirjinta, sannan ta tambayi inda take kwana da inda take wasa. Baba ya kwashe komai ya faɗa, har da rufe ƙofar.

"Baba, atishawa ɗaya ko biyu a tsakiyar wasa ba ciwo ba ne," in ji ta. "Mage na cusa hanci ko'ina, ɗan gashi ko ƙura ya shiga, ta fyace ta wuce. Amma in abin ya ƙi tsayawa, ko majina ta yi kauri ta canza launi, ko ido ya fara ruwa, ko aka ga jini, to magana ta canza. Ƙin cin abincin ma daga nan ne, mage ba ta cin abin da ba ta ji ƙamshinsa ba. Garin soso da warin gam sun ƙone mata cikin hanci, cuta ta samu ƙofa ta shiga. Da kun ƙara kwana biyu, ban san me zan ce muku ba."

Baba ya buɗe baki zai yi tambaya, sai tarin ya sarƙe shi. Ya dafa teburin ƙarfen, ya yi ta yi har idonsa ya kawo ruwa, ya goge baki da tsumma ya yi wuf ya cusa a aljihu. Likitar ta ajiye allurar da ke hannunta.

"Baba, ni ba likitar mutane ba ce, amma don Allah nuna wa 'yarka tsumman nan."

Bai so ba. Ni na sa hannu a aljihunsa na zaro. Jini ne, sabo a kan tsoho. Na zauna a kan benci.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Bai fi wata biyar ba," ya ce, kamar mai faɗin ranar da za a zo karɓar kujera.

"Wannan magen shekara biyu kawai ta yi a ɗakin nan," in ji likitar. "Kai shekara nawa?" Sai Baba ya tambaye ta sau nawa za a ba Manaja magani a rana.

Kwana tara ta yi kafin ta miƙe. A kwanakin nan na yi masa maganar zuwa asibiti har bakina ya gaji, kullum sai ya ce bari magen ta warke tukuna. Rana ta goma da yamma ya hawo benen gidana da kwali a hannu, Manaja a ciki, da kwanonta da ragowar maganinta a leda. Ya ajiye ta a tsakar ɗaki, ya tsaya yana haki.

"Likita ta ce kada ta sake shiga shagon, ko da leƙe. Ki riƙe ta. Kada ki yi shara tana kusa, kada ki fesa turare a inda take. In ta yi atishawa a wasa, ƙyale ta. Amma in kika ga jini, Uwata, ko ɗigo ɗaya ne, kada ki jira gobe. Abin da ya kai ga jini ba a wasa da shi."

Raina ya ɓaci. "Baba, ka ji abin da bakinka ya faɗa kuwa?"

"Na ji."

"To kai fa? Mage ta fi ka daraja ne?"

Ya sunkuya yana neman takalminsa, ya daɗe bai ɗago ba. "Ita an ce ta bar shagon, ga shi tana da gidanki," ya ce a hankali. "Ni in na je suka ce in bari, da safe in na tashi, ina za ni?"

Ya shafa kan Manaja ya fita. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin saukarsa, sau biyu ya tsaya ya huta kafin ya kai ƙasa.