Namijin Giginya na Ƙarshe a Gonar Kawu Bawa

Shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Bawa, ƙanin mahaifiyata, maginin garin Liba, Allah Ya jiƙansa. Bana na fi jin rashinsa, domin ɗakin matarsa, Inna Hassi, ya fara yoyo, damina na tafe, kuma ni aka tambaya yadda za a yi, wai ni na yi karatun muhalli.

Da azarar giginya Kawu yake rufi. Ƙa'idarsa ɗaya ce: namiji ake sarewa, shi ya fi ƙwari, mace a bar ta ta yi 'ya'ya. In ya sare, sai ya binne ƙodago a gurbin. Yawancinsu an tone an ci muruci, sauran kuwa gonakin albasa sun cinye su.

A jami'a an koya mana cewa itacen gini yana riƙe da gurɓatacciyar iskar da ya sha yana tsaye, siminti da kwano kuwa sai an ƙona makamashi mai yawa kafin a same su. An kuma koya mana cewa sare itatuwa ke jawo hamada. Duka biyun na rubuta a jarrabawa, na ci. Ban zaci za su haɗu a gonar Kawu ba.

Giginya biyu suka rage a can, mace da namiji. Bisa ƙa'idarsa, namijin za a sare. Sai dai, in ban yi kuskure ba, macen ba ta 'ya'ya sai da namiji a kusa. A zamaninsa mazan giginya sun yi yawa daga Liba har Kuberi. Ko ya taɓa tunanin na ƙarshe? Ban sani ba.

Sani, ɗan Kawu, direban Jega zuwa Aliero, ya gaji da ni.

"Malam mai digiri, ruwa ba su jiran nazari. Mu ɗauko kwano Jega mu huta."

"Kwano?" in ji Inna. "In gasu awa tsire?"

Na yi ta cewa wataƙila, har Inna ta nuna turakar Kawu, wadda ke kulle tun rasuwarsa.

"Ku kware rufinta. Azarar nan ko gara ba ta taɓa ta ba."

Na ce ko a bar ta don tunawa da shi.

"Ɗana, da rai nai shi ka rufa mini asiri. Yanzu ma shi rufa."

Haka aka yi. Inna na kwana ƙarƙashin azarar mijinta, ɗakinsa kuwa ya koma kango. Ko zai gode mana, ko zai yi faɗa, har yau ban yanke ba.

Giginyoyin biyu suna tsaye. Na binne ƙodago kusa da su, ko da yake ba mu sare komai ba. An ce sai ya girma za a gane namiji ne ko mace.