Bakin Akun Inna

Shekarata ta biyu a gidan miji, a Lakwaya, aka bar mini amanar akun surukata. Inna muke ce mata duk gidan. Marigayi mijinta ne ya kawo mata tsuntsun daga Kurmi wata shekara da ya kai shanu. Toka-toka ne mai jar wutsiya, yana cikin kejin waya a rumfar ƙofar ɗakinta. Ya iya sallama, ya kuma iya kwaikwayon tarin Inna.

Da kaka ta yi, 'yarta da ke aure a Gammo ta haifi tagwaye, jikin ya ƙi daɗi, sai Inna ta tafi jinya. Ranar tafiyar ta nuna mini guntun reshen marke da ke cikin kejin, ta ce idan ya gaigaye shi in sa masa wani, gyaɗa kuma in riƙa ba shi da ɓawonta. Na ce to, kaina a sunkuye, ban tambayi dalili ba.

Lokacin tsakar gidanmu cike yake da gyaɗa. Tun safe muke ɓara ana ɗurawa a buhu kafin motar Kano ta zo. In na tashi bayana na ciwo, sai in tarar akun ya watsa ɓawo da ɓarɓashin itace a inda na share. Rannan haushi ya kama ni, na zare itacen na cusa a murhu. Na koma ba shi tuwo da jiƙaƙƙiyar gyaɗa, har ina ganin gata nake yi masa.

Inna ta yi wata biyar a can. A na huɗu na lura bakin akun na sama ya yi tsawo ya lanƙwashe, in ya ɗauki abinci sai ya zube. Ya rame, ya daina sallama. Ban gaya wa maigidana ba, don na san zai tambayi inda itacen yake. Wata rana da hantsi, maza sun fita, na nannaɗe tsuntsun da zane, na ɗauko almakashin ɗinki na datse tsinin bakin. Ashe na wuce wuri. Ya tsala ƙara, jini ya ɓata mini hannu. Na danna masa toka har jinin ya tsaya. Daga nan na lulluɓe kejin da tsumma, wanda ya tambaya in ce sanyi yake ji.

Ranar da Inna ta dawo, ko ruwa ba ta sha ba ta ɗaga tsumman. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta tambaye ni. Na ce bakinsa ya buga a waya.

"Waya ba ta yanka a miƙe haka, 'yar nan," in ji ta a hankali.

Ta aika aka kira wani tsohon maƙeri na unguwarmu. Ya zo da ƙaramin magagari, Inna ta riƙe tsuntsun, shi kuma yana gogawa kaɗan-kaɗan. Ina bakin murhu na ji yana cewa bakin aku kamar farce yake, kullum tsiro yake, gaigayar abu mai tauri ce ke rage shi. Sai ya tambayi wanda ya datse.

"Mu ne, Baba. Rashin sani," Inna ta ce.

Da ta zage ni a gaban mutane da ya fi mini sauƙi. Na fi mako ban iya haɗa ido da ita ba, ruwan alwalarta ma sai in ajiye a bakin ƙofa in juya.

Sau uku maƙerin ya zo. Akun ya warke, ya koma surutunsa, sai dai bakin ya ɗan karkace, kuma bai sake karɓar komai daga hannuna ba.

Sai bayan rasuwar Inna na gaya wa maigidana gaskiya. Sai ya ce shi abin da ta faɗa masa tsufa ne ya fara kama tsuntsun.